Shekarar da Muka Yashe Kanal

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara. Yaran gidana sai kukan zafi suke yi, kowa ya jiƙa tawul ya ɗora a ka, ana jiran a kawo wuta fanka ta juya. Ni kuwa tun ranar farko da na fito masallaci bayan azahar, iskar nan mai kama da hucin tanderu ta doke ni a fuska, hankalina ya koma shekara talatin da wani abu baya, lokacin da azumi ya same mu cikin irin wannan zafi muna ajin ƙarshe na sakandare a Wurno. A shekarar ce muka yashe kanal, kuma a shekarar ce Attahiru bai zauna jarrabawa ba.

Attahiru shi ne shugaban ɗalibai. Ɗan manoma ne daga wajen Maikujera, a ƙasar Rabah. Dogo ne, baƙi, siriri, ba ya ɗaga murya, amma in ya tsaya gaban asambuli ya ce a yi shiru, har 'yan ajinmu masu taurin kai sai su yi. Tun daga aji ɗaya babu wanda ya taɓa shiga gabansa a karatu. Malamai sun riga sun gama magana a kansa, jami'a kawai ake jira. Ni, Mu'azu, an ba ni firifet na aiki, wato ni ke raba shara da yankan ciyawa. Abin dariya ne, don gidanmu gidan malamai ne a cikin gari, mahaifina ma'aikacin hukuma, hannuna bai san kotar fartanya ba. Na ukunmu Kabiru ne, ɗan Goronyo, firifet na ɗakin karatu, mai kaifin baki da kaifin ƙwaƙwalwa.

A lokacin ba a daɗe da tare ruwa a Goronyo ba. Noman rani ya shigo da ƙarfinsa, an ja magudanan ruwa cikin fadama, waɗanda kowa ke kira kanal. Mutanen da a da suke naɗe hannu daga kaka har faɗuwar damina suka koma shuka shinkafa da albasa da tafarnuwa. Amma daminar da ta gabaci wannan azumin ba ta yi kyau ba. Ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero ke fidda kai, zangarniya ta tsaya ba ido. Rumbuna suka ƙare da wuri. Ko a makaranta mun gani a kwanonmu: tuwon ya yi ruwa, miyar kuka ta zama kamar an wanke tukunya. Magidanta da samari na ƙauyuka suka watse cirani, wasu kudu, wasu birni, aka bar tsofaffi da mata da gonakin rani.

Akwai wata dattijuwa cikin masu tuƙa mana tuwo, Inna Hajo. Daga wata 'yar tunga take zuwa, can ƙarshen wani reshe na kanal. Mace ce mai faɗa, ba ta bari ɗalibi ya leƙa tukunya. Cikin kwanakin farko na azumi, ni da Attahiru muka shiga kicin da la'asar duba abincin buɗa baki, kamar yadda aikinmu ya tanada. Muka same ta tana tuƙi shiru, ba ta ko kore mu ba.

"Inna, lahiya?" in ji Attahiru. "Yau ban ji kin yi muna tsawa ba."

Ta ɗago, ta share zufa da gefen zane. "Ɗana, mi zan ce? Ruwa sun ƙi isowa gare mu. Shinkafa tana mutuwa muna kallo."

"Ba a sako ruwan ba?"

"An sako. Na sama suna sha. Namu reshen yashi da ciyawa sun cike shi. An kai kuka, anka ce mu jira injin haƙa, yana wani wuri. Maza sun tahi cirani. Tsoho na da wasu tsohhi biyu ad dai ke tonon, shi ko gwiwa ta hana shi tsayuwa."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Attahiru ya ce in raka shi mu gani. Muka bi bakin kanal da ƙafa. Daga sama ruwa na gudu, gonaki kore shar. Da muka karya muka bi reshen tungar, sai ruwan ya fara ragewa, ya zama 'yan kududdufai masu kainuwa, daga nan sai laka, daga nan sai yashi da dogayen ciyayi sun fi mutum tsawo. A gonakin tungar ƙasa ta tsattsage, mutum na iya zura hannu. Shinkafar ta yi rawaya daga baki, ganyen ya nannaɗe. Mata na ɗauko ruwa a daro daga nesa suna zubawa a fangalin albasa, kafin mace ta juya ƙasa ta shanye. A cikin ramin kanal muka tarar da Baba Ɗanjumma, mijin Inna Hajo, a zaune dirshan yana kwasar yashi da ƙwarya yana watsawa gefe, saboda ba ya iya tsayawa. Abin da suka tona shi da abokansa tun farkon wata bai fi tsawon ɗaki biyu ba.

Muka juyo har muka kusa makaranta. Sannan Attahiru ya ce, "Mu'azu, shebur nawa ka akwai cikin sito?"

Da yamma ya tara firifet duka a gindin dogon yaro na bayan ofis. Ya faɗi abin da muka gani, ya ce yana so mu yi gayya. Kabiru ne ya fara magana.

"Attahiru, ka san mi kaka hwaɗi? Azumi a baki, rana kamar ta dahwa mutum, jarrabawa bayan salla. Shekara biyar muna jiran jarrabawag ga. Wanga aikin hukuma na, ba namu ba."

"Na sani," in ji Attahiru. "Amma shinkafar ba ta jiran hukuma. Matar da ka tuƙa muna tuwo kullum, in gonar ga ta mutu, mi za su ci da damina? Ban tilasta kowa ba. Ni dai za ni."

"Kai ka fi kowa asara in wani abu ya hwaru."

Attahiru ya yi murmushi, ya ce, "To ka yi muna addu'a."

Firinsifal bai so ba da farko. Attahiru ya tsaya gabansa hannu a baya, yana "Ranka shi daɗe" yana sake bayani, har mutumin ya gaji ya yarda, bisa sharaɗi: ba za a taɓa lokacin darasi ba, ba za a tilasta kowa ba, kuma ban da ƙananan aji. Malam Garba, malamin aikin gona, ya buɗe sito ya fito da shebur da diga da adda da baro biyu, ɗaya ma ƙafarsa a karkace. Ya ce shi ma za a riƙa ganinsa.

Ranar farko mun fita da yawa, har da waɗanda suka zo don kallo. Tsarin ya zama haka: mu yi sahur da kunu da ɗumamen tuwo, mu yi sallar asuba, mu ɗauki kayan aiki mu kama hanya tun gari na da ɗan sanyi. Ranar makaranta mu yi aiki har rana ta fito sosai, mu dawo da gudu mu watsa ruwa a famfo mu shiga aji. Asabar da Lahadi kuwa sai hantsi ya yi zafi, inuwar mutum ta fara shigewa ƙarƙashinsa. Ni na raba aikin. Masu adda a gaba suna sare ciyawa, masu shebur na bin su, sai layin masu kwando da daro suna miƙa wa juna har bakin gaɓa. Attahiru bai taɓa tsayawa a gaɓa yana ba da umarni ba. Kullum yana cikin rami, a gaban masu shebur, wando a naɗe har gwiwa.

Yashin sama ba shi da wuya. Wuyar tana ƙasa, inda baƙar laka take, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai riƙe shebur kamar da gangan. In ka taka, ƙafa ta nutse har ƙauri, sai ka ja da ƙarfi ta fito da wata ƙara. Matsattsaku na manne mana a ƙafafu, ba ka sani sai ka ga jini na bin dunduniya. A kwana na biyu tafin hannuna ya yi bororo, a na uku ya fashe. Baba Ɗanjumma ya kama hannun ya duba, ya yi dariya, ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure mini.

Amma duk wannan bai kai ƙishirwa ba. Ban taɓa sanin ƙishirwa ba sai a wannan ramin. Kana tsaye cikin ruwa har idon sawu, ruwa ƙazami wanda ko jaki zai yi shakkar sha, amma idonka na kansa. Harshe ya yi kauri, miyau ya ƙafe, leɓe ya tsage. Da sassafe akan yi waƙa da ba'a, ana tsokanar 'yan birni irina. Da rana ta ɗaga sai kowa ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar shebur da numfashi. A aji kuwa alli na tafiya a kan allo, mu idanu na rufewa. Bayan azahar mu yayyafa wa simintin ɗakin kwana ruwa mu kwanta a kai ba riga, mu yi ta juyi har la'asar.

Da magariba kuma sai ga saƙo daga tunga. Matan can, waɗanda su kansu gero ya yi musu wuya, suna haɗa abin da ya samu su dama fura a babbar ƙwarya, wani lokaci da kwaɗon zogale, Inna Hajo ta ɗauko a ka. Attahiru ya so ya hana.

"Inna, ku bar wahalar ga. Ku ka da buƙata, mu ana ba mu abinci."

Ta dire ƙwaryar a gabansa. "Kai, rufe min baki. Wane abinci? Ni ka tuƙa shi, na san abin da ke ciki. Ku sha, ko in juye ma a kai."

Furar ba ta da nono sosai, tsaki ya fi yawa. Ban sake shan fura mai daɗinta ba.

Wajen tsakiyar wata wani ɗan aji huɗu, Sanusi, ya yanke jiki ya faɗi da kwando a kansa. Muka ɗauke shi zuwa inuwa, Malam Garba ya ce dole a ba shi ruwa, ya rama azumin daga baya. Ya farfaɗo, amma labari ya kai gari. Iyaye suka fara aiko da saƙo. Firinsifal ya kira Attahiru ya ce saura kaɗan ya soke abin. Daga ranar mutane suka fara zamewa. Kabiru, wanda duk da maganarsa ya fito kwanakin farko ya yi aiki kamar kowa, ya ajiye shebur ya ce shi kam ya koma ga littafi, kuma ya faɗa a gaban kowa, bai ɓuya ba. Wasu suka bi shi. Muka rage ba mu fi cikin aji guda ba, ga kusan rabin reshen bai taɓu ba.

Ni ma mahaifina ya aiko a kira ni. Na durƙusa a zaure, ya dubi hannuwana ya daɗe.

"An ce kun zama leburori."

"Baba, taimako na."

"Na ji. Aikin lada na, ba ni hana ka. Amma lada ba ta amsa tambayar jarrabawa. Ka riƙe duka biyu, in ɗaya za ya kuɓuce, ka san wanda za ka saki."

Na riƙe duka biyun, da ƙyar. Attahiru ma haka ya yi ta yi. Bayan asham yakan zauna da 'yan ajinmu yana warware musu abin da ya shige musu duhu, idanunsa jajir, wani lokaci barci ya sace shi a tsakiyar magana.

Da goman ƙarshe ta kama, matan tunga suka shigo aikin da kansu, suka karɓi layin kwando. 'Yan tsofaffin suna gyara gaɓa. Aikin ya ƙara sauri. A cikin waɗannan kwanaki ne Attahiru ya taka wani abu a cikin laka. Na ga ya tsaya cak, ya dafa kafaɗar na kusa da shi, ya ɗago ƙafar dama. Tsohon gwangwani ne mai tsatsa, ya tsaga masa tafin ƙafa. Jini ya gauraya da baƙar laka. Muka wanke da ruwan da ke kusa, wanda shi ma ba na kirki ba ne, aka ɗaure da tsumma. Malam Garba ya tura shi ɗakin magani, suka shafa masa jan magani suka naɗe, suka ce kada ya ƙara shiga ruwa.

Washegari na gan shi ya ɗaura leda a ƙafar, ya ɗaure da igiya.

"Attahiru, an ce kar ka shiga."

"Saura kaɗan, Mu'azu."

"Ka zauna bisa gaɓa, mu mu yi. Ni ka rabon aiki, na ba ka gaɓa."

Ya zauna a gaɓar, ya yi kamar ya ji. Da ya ga mutane sun fara sanyi, rana ta ɗaga, shebur na tashi da ƙyar, sai kawai na gan shi a cikin rami. Malam Garba ya yi masa magana, Baba Ɗanjumma ya yi masa, har Inna Hajo ta yi masa tsawa daga bakin gaɓa. Ya ce musu to, ya fito, bayan ɗan lokaci ya koma. Gaskiya kuma in yana ciki aikin yakan tafi, in ya fito yakan tsaya. Shi ma ya san haka.

Ana saura 'yan kwanaki salla muka kai ga toshiyar ƙarshe, wani tudun yashi da muka bari da gangan a bakin reshen don ya tare ruwa mu samu yin aiki. Mutanen tunga duka suka fito. Aka ba Attahiru shebur ya fara sara, muka taru muka buɗe. Ruwan bai zo da gudu ba kamar yadda na zata. A hankali ya shigo, ja, yana tura kumfa da karmami a gabansa, yana tsayawa ya cika kowane rami kafin ya wuce. Muka bi shi da ƙafa, muna tafiya daidai da shi. Da ya kai gonar farko aka fasa masa hanya, ƙasar ta riƙa yin wata ƙara tana sha, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi kamar ranar ruwan farko. Mata suka rangaɗa guɗa. Baba Ɗanjumma ya tsoma hannu biyu ya shafa a fuska da gemu, yana ta "Alhamdu lillahi".

Na waiwaya neman Attahiru. Yana zaune can baya a kan gaɓa, ya rungume gwiwoyinsa. Rana tsaka, ƙasa na ƙuna, shi kuwa haƙoransa na haɗuwa.

"Mu'azu, sanyi nika ji."

Na kwance ledar. Ƙafar ta kumbura har ƙauri, tana sheƙi, wajen yankan ya yi baƙi. A baro muka mai da shi makaranta.

Aka ba da hutun salla. Wani kawunsa ya zo ya ɗauke shi a bayan akori-kura zuwa gida. Kafin motar ta tashi ya ce in ajiye masa littattafansa a akwatina, yana dawowa bayan salla. A gida aka fara da abin da aka sani, saiwa da ganye da tofi. Da abin ya ƙi, zazzaɓi ya riƙa ɗauke masa hankali, aka kai shi asibiti a Sakkwato. Can ya daɗe. An yi maganar yanke ƙafar, Allah ya kiyaye, amma sai da aka yanke nama mai yawa.

Mu kuwa muka dawo muka shiga jarrabawa. An jera tebura a babban ɗakin taro, kowane da lambarsa. Nasa yana layin da ke gabana, ɗan dama kaɗan. Kowace takarda mai sa ido sai ya zo ya tsaya a wurin, ya kira sunansa, ya duba ɗakin, sannan ya wuce. Mun gaya masa tun ranar farko, amma ya ce ƙa'ida ce. Haka aka yi ta kiran sunan har takarda ta ƙarshe.

Albasar tunga yawancinta ba ta tashi ba, ruwan ya zo mata a makare. Shinkafar kuwa ta farfaɗo, ba duka ba, amma an yanka abin da ya kai su tsakiyar damina ba su yi bara ba. Da aka sussuka, Inna Hajo ta ƙulla 'yar shinkafa a tsumma ta ce in kai wa ɗanta Attahiru. Na hau mota zuwa Rabah, na ƙarasa a bayan keken wani. Na same shi a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa a kan tabarma, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, sanda a gefensa. Abin da ya fara tambaya shi ne ko ruwan na kaiwa har gonar ƙarshe. Na ce yana kaiwa. Mahaifiyarsa ta dafa shinkafar da mai da yaji, ya ci loma kaɗan ya ture mini kwanon. Ya ce baɗi zai koma ya zauna jarrabawar, firinsifal ya aiko cewa a shirye yake ya karɓe shi. Na bar masa littattafansa.

A cikin daminar nan mahaifinsa ya rasu. Attahiru ne babba, ga ƙanne, ga gona, ga uwa. Ya ce sai wata shekara. Wata shekarar ta zo, ya sake cewa haka. Daga baya ya daina faɗa.

Ni na ci jarrabawa, ba da wani abin kirki ba, na tafi kwalejin horon malamai, na koyar, daga baya aka mai da ni ofishin ilimi. Kabiru ya yi nisa ƙwarai, yanzu sai dai mu ji labarinsa. Reshen kanal ɗin bai yi shekara uku ba ya sake cikewa. A yau in ka bi ta wurin, kowa da 'yar rijiyarsa ta burtsatse da injin ban ruwa yana ta ƙara, ramin da muka tona ya zama hanyar awaki. Inna Hajo da Baba Ɗanjumma sun daɗe da rasuwa. 'Yata ta uku ita ce shugabar ɗalibai a makarantarsu yanzu. Kwanan baya suka je share asibiti da kai wa marasa lafiya kayan buɗa baki, ta nuna mini hotuna a waya, duk sun sa riga iri ɗaya suna dariya. Na sa mata albarka. Na tambaye ta ko sun sa takalmi, ta dube ni kamar na yi tambayar da ba ta da kai.

Na sake ganin Attahiru sau ɗaya bayan mun manyanta. Aiki ya kai ni Goronyo ranar kasuwa, na ratsa ta wajen 'yan albasa don in saya wa gida. Cikin tarin buhuna na hango wani dogon mutum yana ɗingishi, yana nuna wa masu lodi inda za su ajiye. Furfura ta cika masa gemu. Tafiyar ce ban sani ba, amma tsayuwar na sani.

"Shugaba!" na ce.

Ya juyo, ya ƙura mini ido, sai ya saki dariya. "Mu'azu ɗan birni! Hannun ya warke?"

Muka rungume juna. Ya ja ni inuwar wata rumfa, ya sa aka kawo mini ruwa, muka gaisa, muka tambayi iyali. Yana noma da damina, da rani yana sayen albasa a gonaki yana kawowa kasuwa. Ƙannensa duk ya aurar, biyu ya sa su makaranta har suka gama. Ya tambayi Kabiru, ya tambayi Malam Garba, na ce Malam ya rasu, ya yi masa addu'a. Na ce masa mutanen tungar nan ba su manta da shi ba, ko da yake ban tabbata akwai sauran wanda ya san shi a can ba. Ya gyaɗa kai kawai.

Yana murza wani ɓawon albasa a tsakanin yatsunsa. Can ya matso, ya rage murya kamar mai jin kunya.

"Mu'azu, akwai abin da nika son tambayarka tun tuni. Takardar lissahi. Mi anka tambaya?"

Na ɗauka wasa yake. Na dube shi, na ga ba wasa a fuskarsa.

"Na sha kwantawa ina tunani," ya ce. "Na yi zaton za su kawo abin nan na kusurwa da tsawon inuwa, na shirya mashi ƙwarai. Sun kawo?"

Na yi iya ƙoƙarina. Na tuna ɗakin, na tuna zafin, na tuna teburinsa. Amma ko tambaya ɗaya ban iya tunawa ba. Takardar da na zauna na rubuta, na ci, na samu aiki da ita, ta goge daga kaina sarai.

"Wallahi, Attahiru, na manta."

Ya dube ni. Sannan ya jefar da ɓawon, ya ce, "Ka manta." Ba da fushi ya faɗa ba.

"Na so in zauna jarrabawar nan, Mu'azu," ya ce. "Ko ban ci ba. In dai ga takardar."

Wani direba ya ƙwala masa kira daga bakin mota, ana jiransa a ƙirga buhuna. Ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya sa aka cika mini buhu guda aka kai mota, na yi na yi in biya ya ƙi. Da muka tashi na leƙa ta taga, na gan shi yana ratsa buhunan yana jan ƙafar dama, yana yi wa masu lodi magana ba tare da ya ɗaga murya ba, su kuwa suna yin abin da ya ce.

Bayan shekara biyu aka aiko mini da rasuwarsa. Allah ya jiƙan Attahiru, ya sa ruwan nan da ya kai wa mutane ya tarar da shi a inda yake.